Tambayoyi da Amsoshi kan Ƙarfin Abinci da Ƙibar Shanun Turka

Duk wanda ya taɓa ɗaure sa a turke domin ya yi ƙiba a sayar, ko don layya ko don mahauta, ya san cewa bayan kuɗin sayen san babu abin da ke cin jari kamar abinci. Mutum biyu za su sayi bijimai masu girma ɗaya a kasuwar Wudil ko ta Maigatari, su kashe kuɗi kusan daidai, amma bayan wata uku ɗaya ya fito da sa mai cikakken tozo, ɗayan kuwa ya fito da mai ƙaton ciki da haƙarƙari a waje. Mafi yawan lokaci bambancin yana cikin yawan kuzarin da ke cikin abin da aka zuba a komi.

Me ake nufi da kuzarin abinci, kuma me ya raba shi da cika ciki?

Kuzari shi ne abin da jiki ke ƙonawa ya yi aiki, kamar yadda murhu ke cin itace, kuma dabba tana samunsa ne daga sitaci da sukari da mai da kuma harzar ciyawa da tumbi ya iya narkarwa. Masana suna auna shi da ma'aunin megajul, wasu kuma da megakalori, a kan kowane kilo na busasshen abinci, wato nauyin da ya rage bayan an cire ruwan da ke cikinsa. Wannan sharaɗi na cire ruwa yana da muhimmanci, domin ɗanyar ciyawar damina kashi uku cikin huɗu ko fiye na nauyinta ruwa ne.

Ba duk kuzarin da ke cikin abinci ne ke amfanar dabba ba. Wani ɓangare yana fita a kashi ba tare da ya narke ba, wani yana fita a fitsari, wani kuma a iskar da sa ke gyatsawa. Abin da ya rage shi ne kuzarin da jiki zai iya sarrafawa, kuma shi ake nufi a duk inda aka ambaci adadi a nan. Kilo ɗaya na karan dawa da kilo ɗaya na ɓarzajjiyar masara nauyinsu ɗaya ne, karan ma ya fi cika ciki, amma masarar ta ninka shi kuzari.

Ina kuzarin yake tafiya bayan sa ya ci?

Wannan ita ce tambayar da komai ya rataya a kanta. Jikin sa yana da buƙatar da yake biya kowace rana kafin ya ajiye ko da tsoka ɗaya: bugun zuciya, numfashi, riƙe ɗumin jiki, tsayuwa, tuƙa, da aikin hanta da hanji. Ana kiran wannan buƙatar riƙe rai, kuma ba a binta bashi. In abinci bai kai ya biya ta ba, jiki zai ciro daga kitsensa da namansa ya cika, wanda shi ne abin da muke gani a bazara idan shanu suka rame. Abin da ya yi rara bayan an biya wannan buƙata shi kaɗai ne ke zama nama da kitse.

Masana biyu na Jami'ar Kalifoniya a Amurka, Lofgreen da Garrett, su ne a 1968 suka fitar da tsarin da ya raba kuzarin riƙe rai da kuzarin ƙara nauyi, kuma har yau a kansa manyan gidajen turka na ƙasar suke haɗa abinci. Abin da tsarin ya nuna shi ne cewa jiki ya fi iya amfani da kuzari wajen riƙe rai fiye da wajen gina sabon nama, kuma wannan tazara ta fi faɗi ga abinci mai kaushi. Ke nan kara da tattaka suna iya riƙe ran sa, amma da ƙyar suke sa masa ƙiba.

Ko za a iya nuna wannan da lissafi?

A ɗauki bijimi mai nauyin kilo 300 da ke ɗaure ba ya yawo. Buƙatarsa ta riƙe rai ta kai kimanin megajul 40 a rana, kuma kowane kilo na ƙarin nauyi yana cin kimanin megajul 30 zuwa 40 a kan wannan.

Idan aka bar shi da karan dawa kawai, wanda bai wuce megajul 6 zuwa 7 a kilo ba, zai ci kamar kilo 6 cikinsa ya cika, ya samu kusan megajul 40. Ya ci, ya ƙoshi, amma babu rara ko kaɗan, kuma mai shi zai iya ciyar da shi wata uku a haka nauyinsa bai motsa ba. Idan aka haɗa masa kara da harawa da ɗan dusa har haɗin ya kai megajul 8.5, zai ci kamar kilo 7, ya samu kusan 60, rararsa 20, ya ƙara kimanin rabin kilo a rana. Idan kuwa aka ɗaga haɗin zuwa megajul 10.5 da ƙarin dusa da hatsi da tunkuza, ya ci kilo 7.5, zai samu kusan 80, rararsa 40, ƙarinsa ya doshi kilo guda a rana.

A lura cewa daga haɗi na biyu zuwa na uku kuzarin da sa ya ci ya ƙaru ne da kashi ɗaya cikin uku kacal, amma ƙarin nauyi ya ninka. Domin a ƙara wa san kilo 50, haɗi na biyu zai ɗauki kwana 100 da abinci kilo 700, na uku kuwa kwana 50 da abinci kilo 375. San da ke kan haɗi na biyu yana cin kilo 14 na abinci kafin ya ba da kilo ɗaya na jiki, wanda ke kan na uku yana cin 7.5. Dalili shi ne wanda ya daɗe a turke ya biya buƙatar riƙe rai sau ɗari, ɗayan ya biya sau hamsin. Waɗannan adadi misali ne na fahimta, kuma kowane sa da irin jikinsa, amma yadda lissafin ke karkata ba ya canzawa. Saboda haka ne nake ganin kuskure mafi tsada a kiwon turka shi ne auna arahar abinci da farashin buhu. Abin da ya kamata a tambaya shi ne nawa aka kashe kafin a samu kilo ɗaya na ƙari.

Cikin abincin da ake samu a ƙasar Hausa, wanne ya fi kuzari?

Hatsi ne a sama: masara tana da kimanin megajul 13 a kilo, dawa da gero suna biye da ita kusa. Gurya ma tana wannan sahu saboda man da ke cikinta. Daga nan sai dusar masara da dusar alkama da tunkuza, waɗanda galibi suke tsakanin 10 da 12 gwargwadon yawan gari ko man da ya rage a cikinsu. Harawar gyaɗa da ta wake, in an adana su da ganyensu, suna kai 8 zuwa 9, kuma suna da furotin da kara ba shi da shi. Kowar wake da 'ya'yan gawo matsakaita ne masu amfani. Karan dawa da na gero da tattakar shinkafa da busasshiyar ciyawar daji ta rani su ne a ƙasa.

Buntun shinkafa kuwa a yi hattara da shi. Kusan ba ya narkewa, yana da kaifi, kuma ana cakuɗa shi da dusa a wasu kasuwanni domin buhu ya cika. Dusar da aka damƙa a hannu aka ji tana soke tafi, ba ta bar farin gari a yatsu ba, ba ta cancanci kuɗin dusa ba.

Me ya sa hatsi ya fi ciyawa sa ƙiba, bayan yawan kuzarin kansa?

Sa ba ya narkar da abincinsa da kansa tun farko. Ƙananan halittu ne da ke cikin tumbi suke ruɓar da shi su mayar da shi wasu sinadarai masu tsami, waɗanda bangon tumbi ke tsotsewa, kuma daga gare su ne sa yake samun kusan kashi 70 cikin ɗari na kuzarinsa. Idan abincin ciyawa ce, sinadarin asitet ne ke rinjaye, kuma ana asarar iskar mitan, wato iskar da sa ke gyatsawa, da yawa. Idan sitaci ya ƙaru, sinadarin furofiyonet ne ke ƙaruwa, wanda hanta ke mayarwa sukarin jini, iskar kuma ta ragu. San da ke cin ciyawa yana zubar da kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari na kuzarin abincinsa a wannan iska, wanda ke cin hatsi sosai kuwa kusan rabin haka yake zubarwa.

Akwai kuma batun wuri. Kara yana daɗewa a tumbi kafin ya narke, saboda haka ciki ke cika tun jiki bai samu abin da yake so ba. Abinci mai saurin narkewa yana ba da wuri ga wani, sai sa ya ƙara ci. Sai dai idan haɗin ya yi ƙarfi sosai, ba cikar ciki ce ke tsayar da shi ba, ƙoshin jiki ne, kuma a nan za a ga cinsa ya ɗan ragu alhali ƙarinsa bai ragu ba.

To me zai hana a ba shi hatsi zalla a huta?

Tumbi ne zai hana. Ruwan tumbi mai lafiya yana tsakanin 6 da 7 a ma'aunin tsami, wanda adadinsa ke sauka idan tsami ya ƙaru, kuma abin da ke riƙe shi a nan shi ne yawun da sa ke haɗiya lokacin tuƙa, domin yawun shanu yana da sinadari irin na kanwa mai kashe tsami. Harza ce ke sa tuƙa. Idan aka cire ciyawa aka zuba sitaci da yawa a lokaci guda, ruɓewa za ta yi sauri, yawu ya ragu, tsami ya hau. In ma'aunin ya sauka ƙasa da 5.6 ya daɗe a can, halittun da ke narkar da harza suna mutuwa, sa ya riƙa ci yau ya ƙi ci gobe, kashinsa ya yi ruwa da kumfa da warin tsami. In ya sauka zuwa 5 ko ƙasa, kamar yadda ke faruwa idan sa ya kwance ya faɗa wa buhun hatsi, zai iya kwanciya ya mutu cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma wannan lamari ne na kiran likitan dabbobi nan take.

Ko wanda bai mutu ba yana biyan farashi. Bangon tumbi yana ƙonewa, ƙwayoyin cuta su ratsa su haifar da ƙurji a hanta, kofato ya yi zafi sa ya riƙa ɗingishi, wani lokaci ciki ya kumbura. Irin wannan sa yana cin abinci mai tsada amma ƙarinsa bai kai na wanda ke cin haɗi matsakaici ba. Ga mai kiwo a gida, wanda ke zuba abinci da hannu sau biyu ko uku a rana, ra'ayina shi ne kada harawa da ciyawa su gaza kashi 40 cikin ɗari na busasshen abincin sa.

Yaya ake sabar wa sa da abinci mai ƙarfi?

A hankali, cikin mako uku. Halittun tumbin san da ya fito daga daji sun saba da ciyawa, kuma suna buƙatar lokaci kafin masu iya sarrafa sitaci su yawaita. A kwanakin farko a ba shi harawa da ruwa ya huta daga wahalar hanya, da dusa kaɗan wadda ba ta wuce kilo guda ba. Daga nan a riƙa ƙara kamar rabin kilo duk bayan kwana uku, ana duba kashinsa kowace safiya, kuma da zarar an ga zawo ko an ga ya bar saura a komi sai a tsaya ko a koma baya mataki ɗaya. A raba dusar sau biyu ko uku, a fara ba da harawa kafin ita, kuma a riƙe lokaci ɗaya kullum, domin san da ya yi yunwa ya sami dusa da yawa shi ya fi shiga haɗari. Dawa da masara a ɓarza su, kada a niƙa su gari. In an bar dawa da ƙwayarta, za a riƙa ganinta a kashi kaji suna tsincewa, in kuma ta yi laushi ƙwarai tana ruɓewa da sauri fiye da kima.

An ce a Amurka sa yana ƙara kilo ɗaya da rabi a rana. Shanunmu za su iya haka?

A manyan gidajen turka na jihohin Tekzas da Kansas da Nebraska, inda hatsi da sauran abinci mai ƙarfi ke kai kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na haɗi, ƙarin kilo ɗaya da rabi a rana abu ne na yau da kullum, kuma kimanin kilo 6 na busasshen abinci ke ba da kilo ɗaya na jiki. Amma shanunsu irin su Angus an daɗe ana zaɓensu domin nama kawai, masara tana da araha a can, ana turara ta a matse ta da inji, kuma akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan duba komi.

Bunaji da Rahaji da Bokolo da Azawak an zaɓe su ne domin jure tafiya da zafi da ƙarancin abinci, tare da ba da nono. A turka mai kyau ƙarinsu yakan kasance tsakanin rabin kilo da kilo guda a rana. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke kusa da Zariya ta daɗe tana gwajin turkar waɗannan shanu, a Nijar kuma tashar Tukunus ta shahara wajen inganta Azawak. Shanu masu tozo suna da wata falala, wato buƙatarsu ta riƙe rai ta ɗan gaza ta shanun Turai masu nauyi ɗaya da su. Sai dai kowane jiki yana da iyakar naman da zai iya ginawa a rana, kuma kuzarin da ya wuce wannan iyaka kitse yake zama. A ƙasar da mutane da kaji ke neman masarar nan, dusa da sauran ragowar amfanin gona su suka fi dacewa da aljihun mai turka.

Kuzari kaɗai ya isa, ko sai da furotin?

Bai isa ba. Halittun tumbi suna buƙatar furotin kafin su yi aiki, kuma idan ya gaza kashi 7 cikin ɗari na abinci, narkewa tana raguwa, ci ma ya ragu. Karan dawa da ciyawar rani ba su kai wannan adadi ba, shi ya sa ɗan tunkuza ko gurya ko harawa ke sa sa ya ƙara cin karan da a da yake turewa. Haɗin turka yana son furotin kimanin kashi 12 zuwa 14. Wanda ya wuce haka da yawa fitsari yake tafiya. Tunkuzar da ta yi funfuna kada a ba dabba, domin gubar da ke cikinta tana lalata hanta.

Dusa tana da sinadarin fosforas da yawa, kalsiyam kaɗan, kuma wannan rashin daidaito yana haddasa tsakuwar mafitsara ga maza, musamman dandaƙaƙƙu. Harawa tana taimakawa wajen gyara shi, haka ma garin dutsen farar ƙasa na abincin dabbobi, da gishiri da wadataccen ruwa.

Tun da mai ya fi komai kuzari, a ƙara shi da yawa?

Mai yana da kuzari fiye da ninki biyu na sitaci, amma idan ya wuce kashi 6 cikin ɗari na haɗi yana naɗe harza ya hana ta narkewa. Gurya kada ta wuce kilo ɗaya da rabi a rana ga sa mai kilo 300, kuma ba a ba ƙananan maruƙa ita saboda wani sinadari mai guba da tumbinsu bai isa ya kashe ba.

Me ya sa ƙarin nauyi yake raguwa a ƙarshen turka ko da ba a rage abinci ba?

Dalilai biyu ne suke haɗuwa. Na farko, yayin da sa ke ƙara nauyi buƙatarsa ta riƙe rai tana ƙaruwa. Na biyu, abin da yake ajiyewa yana sauyawa daga tsoka zuwa kitse. Tsoka kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne, wanda ba ya cin kuzari, kitse kuwa kusan babu ruwa a cikinsa, saboda haka kilo ɗaya nasa yana ɗauke da kuzarin da ya ninka na tsoka sau da yawa. Wannan ne ya sa matashin bijimi ɗan shekara biyu zuwa uku ya fi tsohon sa mayar da abinci nama, kuma shi ya sa turka ta fi riba tsakanin kwana 90 da 120. Idan kuɗin abincin mako ya fi darajar abin da san ya ƙara a makon, lokacin kai shi kasuwa ya yi, sai fa in ana jiran tashin farashi na Babbar Sallah, wanda lissafi ne na daban.

Gaskiya ne ramammen sa ya fi saurin ƙiba?

Gaskiya ne, in yunwa ce ta ramar da shi ba cuta ba. San da ya sha rani yana da ƙashi babba da jiki kaɗan, buƙatarsa ta riƙe rai ta sauka, kuma idan ya samu abinci yana ci sosai ya mayar da abin da ya rasa cikin makonnin farko da sauri fiye da wanda bai taɓa ramewa ba. Dillalai sun daɗe da sanin wannan. Wani ɓangare na ƙarin kwanakin farko dai cikar tumbi ce da ruwa, kada a ruɗu da ita. Wanda sammore ko tsutsar hanta ko tsutsar ciki ta ramar kuwa, duk kuzarin da aka zuba masa ana raba shi da cutar, don haka magani da cire kaska su ne aikin makon farko.

Zafi da ruwan sha suna da tasiri a wannan lissafi?

Suna da shi sosai. Narkar da abinci yana tayar da zafi a jiki, kuma ciyawa mai kaushi ta fi hatsi tayar da shi a kan kowane megajul, saboda haka a watannin Maris zuwa Mayu sa yana rage ci da rana. A yi masa rumfa, a ba shi mafi yawan abincinsa da sanyin safiya da yamma. Bijimi mai kilo 300 yana shan lita 30 zuwa 40 a rana, a bazara ma fiye, kuma san da ba ya samun ruwa isasshe ba ya cin busasshen abinci yadda ya kamata.

Allurar ƙiba da ƙwayoyin da ake sayarwa a kasuwa fa?

Bitamin ba shi da kuzari, kuma ba ya maye gurbin dusa. Wasu magungunan kumburi da ake ɗirka wa dabbobi da sunan ƙiba suna raunana garkuwar jiki, suna kuma iya barin saura a naman da mutane za su ci. Akwai sinadarin monensin da ake sa wa a abincin turka a ƙasashe da dama, wanda da gaske yake karkata aikin tumbi ya rage asarar iska, amma awonsa ƙanƙane ne ƙwarai, kuma yana kashe doki da jaki idan suka ci, don haka ba a taɓa shi sai da likitan dabbobi.

Ba ni da sikelin shanu. Yaya zan san ko abincina yana aiki?

Tef ɗin tela ya isa. A auna kewayen ƙirji daga bayan ƙafafun gaba da bayan tozo, a auna tsawon jiki daga tsinin kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya, duka da santimita. A ninka kewayen da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 10,840, abin da ya fito shi ne kimanin nauyi da kilo. San da kewayen ƙirjinsa 155 ne, tsawonsa 135, nauyinsa ya kusa kilo 300. Awon ba ya faɗa daidai, amma idan mutum ɗaya ne ke yinsa duk bayan mako biyu, da safe kafin sa ya ci ko ya sha, zai nuna ko ana hawa ko ana tsaye. A kuma auna nauyin mudun dusa da na damin harawa sau ɗaya da sikelin rataye, a rubuta abin da aka zuba da abin da ya rage a komi kowace rana, sannan a raba jimlar abincin mako biyu da kilon da san ya ƙara a cikinsu.